A Bar Kunamar Bindigar Ƙugu Yadda Ta Fito Daga Kamfani

A Amurka akwai wata babbar kasuwa da ta ginu a kan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba, wato kunamar ƙaramar bindiga. Mutum zai sayi fistol sabuwa fil daga kamfanin da ya shafe shekaru yana gwada ta, tun bai gama sanin halinta ba sai ya kwance ta, ya cire kunamar da ta zo da ita, ya ɗaura wata da ya yi oda ta intanet, don kawai an ce masa wannan ta fi laushi a yatsa. Idan bindigar gasa ce, wadda ake ɗaukowa daga akwati a filin harbi a mayar da ita akwati da yamma, babu ruwana da abin da mai ita ya yi mata. Maganata a kan wadda mutum ke ɓoyewa a ƙugunsa ce, da harsashi a cikinta, ya shiga kanti da ita, ya zauna a mota da ita, ya sunkuya ya ɗauki ɗansa da ita. Ra'ayina shi ne irin wannan bindiga a bar kunamarta yadda ta fito daga kamfani.

Masu yawo da bindiga a ɓoye a ƙasar miliyoyi ne. A 2022 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da aka fi sani da Bruen, ta yanke cewa tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa haƙƙin fita da ƙaramar bindiga domin kare kansa, kuma a yau fiye da rabin jihohin ƙasar 50 ba sa neman mutum ya nuna lasisi kafin ya soke ta a ƙugu. Mu a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka wannan muhawara ba tamu ba ce kai tsaye, ko da yake duk wanda ya taɓa jin an ce bindigar wani jami'i ta tashi bisa kuskure a shingen bincike ya san nauyin abin da ake magana a kai.

Abu biyu ake nema daga kunama: ta tashi duk lokacin da aka danna ta da niyya, kuma kada ta taɓa tashi idan ba a danna ta ba, ko da bindigar ta faɗi a kan siminti, ko gumi da ƙurar tufafi sun cika ta. Fistol ɗin Glock, wadda Gaston Glock ya ƙera wa sojojin Ostiriya a farkon shekarun 1980, ita ce misalin da ya fi sauƙin fahimta, domin ba ta da makullin waje da ake turawa da babban yatsa. Makullanta uku ne, kuma dukkansu jan kunamar ne ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya: akwai ɗan harshe a tsakiyar kunamar da ke hana ta motsi sai yatsa ya kwanta a kansa, akwai wani ƙarfe da ke tare hanyar allurar da ke dukan gindin harsashi, sannan akwai wani tudu da ke riƙe da sandar kunamar don kada ta zame idan bindigar ta bugu. Nauyin da yatsa zai sa kafin ta tashi kusan kilo 2 da rabi ne. Ma'anar wannan ita ce tafiyar da kunamar ke yi kafin harbi, wadda masu son laushi ke ƙorafin ta yi tsawo, ita ce ainihin tsaron bindigar.

To, me mai gyara yake yi idan yana son laushi? Ko dai ya sa sifirin mai rauni, ko ya rage tazarar da kunamar ke tafiya, ko ya goge fuskokin ƙarafan da ke riƙe da juna har su yi santsi. Kowanne a cikinsu yana da kuɗin da ake biya, sai dai ba a ranar gyaran ake biyansa ba. Sifirin mai rauni yana rage ƙarfin dukan allura, kuma harsasai ba su zama ɗaya ba, wani gindinsa ya fi wani tauri. Bindigar da ta harba harsashin atisaye lafiya lau tana iya yin ƙas a kan harsashin da aka tanada domin kare rai, musamman bayan datti da busasshen mai sun taru a hanyar allurar. Rage tazara kuwa yana iya sa makullin ciki ya zauna a buɗe rabi tun yatsa bai taɓa komai ba. Gogewa ta fi su duka haɗari, saboda wurin da ƙarafan biyu ke riƙe da juna ɗan mitsitsi ne ƙwarai, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Mai bindigar zai gwada ta a filin harbi ya ji daɗi, domin abin da ya gwada shi ne tashinta idan an danna. Rashin tashinta idan ta faɗi daga ƙugu a banɗakin gidan mai, wannan ba ya cikin abin da ya gwada, kuma ba shi da kayan gwada shi.

Akwai kuma jikin ɗan'adam, wanda ba ya tambayar izini idan ya firgita. Masana motsin jiki, ciki har da Roger Enoka na Jami'ar Kolorado, sun bayyana yanayi uku da hannu ke damƙewa da kansa: idan mutum ya razana, idan ya yi tuntuɓe yana neman faɗuwa, da kuma idan ɗaya hannun ya damƙi wani abu da ƙarfi. Kunamar gasa da ke tashi da nauyin kilo 1 ko ƙasa da haka ba ta bar wa yatsan da ke rawa wata dama ba.

Sai dai a nan dole a yi adalci, domin masu son laushi suna da hujja, kuma 'yan sandan birnin Niyok ne suka ba su ita. Lokacin da rundunar ta koma amfani da fistol a farkon shekarun 1990, ta sa an ƙara wa kunamar nauyi har kusan kilo 5 da rabi, don ta yi kama da libarbar da jami'anta suka saba da ita. An yi haka ne da niyyar rage harbin kuskure. Amma yatsan da ke kokawa da nauyin da ya ninka na bindigar kanta sau da dama yana karkatar da bakinta, kuma a watan Agustan 2012, da jami'ai biyu suka harba harsashi 16 a kan wani ɗan bindiga kusa da ginin Empire State, mutum tara 'yan ba-ruwanmu suka ji rauni, abin da ya sa masu sharhi da yawa suka nuna kunamar da yatsa. Bayan shekara biyu, a watan Nuwamban 2014, wani sabon ɗan sanda mai suna Peter Liang ya shiga matakalar bene mai duhu a wani rukunin gidaje a Buruklin, cikin birnin Niyok, tocila a hannu ɗaya, bindiga a ɗaya. Ya ce wata ƙara ce ta firgita shi. Harsashin ya daki bango ya karkata ya kashe Akai Gurley, matashi ɗan shekara 28 da ke saukowa daga bene. Kunamar bindigar tana buƙatar fiye da kilo 5, kuma a lokacin shari'ar an miƙa wa masu taya alƙali yanke hukunci bindigar ba harsashi, kowannensu ya danna ya ji taurinta da yatsansa, kafin su same shi da laifi a 2016. A 2021 rundunar ta fara bai wa sababbin jami'anta bindigogi masu kunama mai sauƙi, bayan gwajinta ya nuna sun fi samun saiti da su.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne ƙarin nauyin ma gyara ne da aka yi wa bindiga domin a rufe gibin horo, kuma bai rufe ba. Wanda ya taurara kunama don yana tsoron yatsansa, da wanda ya tausasa ta don ya kasa samun saiti, dukkansu suna neman ƙarfe ya yi musu aikin da atisaye ne kawai ke yin sa.

Wani zai ce ai kamfanonin ma suna kuskure, kuma gaskiyarsa. A watan Janairun 2017 sojojin Amurka suka zaɓi SIG Sauer P320 ta zama sabuwar fistol ɗinsu, amma a watan Agustan shekarar bidiyoyi suka nuna samfurin da ake sayar wa farar hula yana iya tashi idan ya faɗi ta ƙeya a wata kusurwa. Dalilin yana da ban mamaki: nauyin ƙarfen kunamar kansa ne ke sa ta ci gaba da tafiya baya bayan bindigar ta daki ƙasa, tamkar an danna ta. Kamfanin ya buɗe shirin sauya kayan ciki kyauta, ciki har da saka kunamar da ƙarfenta bai kai na farko nauyi ba. Ƙararraki sun ci gaba duk da haka, har a watan Nuwamban 2024 wata kotu a Filadelfiya ta ba wani mutum diyyar dala miliyan 11 kan raunin da ya ji, yayin da kamfanin ke ci gaba da dagewa cewa bindigar ba ta tashi sai an ja kunama. Ni a ganina wannan labari ya ƙara wa hujjata ƙarfi ne. Idan injiniyoyin babban kamfani, da ɗakunan gwajinsu, suka iya tsallake wata kusurwar faɗuwa, wane tabbaci mutum yake da shi a kan kayan kamfanoni uku da ya haɗa a teburin ɗakin girkinsa yana kallon bidiyo? Aibin bindigar kamfani yana fitowa fili ne saboda dubban ɗaruruwa suna hannun mutane ana gwada su kullum. Wadda aka yi wa haɗe-haɗe a gida ita kaɗai ce irinta a duniya, kuma ranar da aibinta zai bayyana, a jikin mai ita ko na kusa da shi zai bayyana. A tuna kuma cewa majalisar dokokin Amurka ta hana hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta ƙasar sa baki a harkar bindigogi, sai 'yan jihohi irin su Kalifoniya da Masacuset ne ke tilasta gwajin yar da bindiga a ƙasa kafin a sayar, kuma gwajin a kan bindigar da ta fito daga kamfani ake yin sa, ba a kan abin da aka ɗaura mata daga baya ba.

Wani babban haɗarin ma yana tattare da batun kube. Plaxico Burress, fitaccen ɗan ƙwallon Amurka na ƙungiyar New York Giants, ya shiga wani gidan rawa a Manhatan a watan Nuwamban 2008 da Glock a ƙugun wandonsa ba tare da kube ba; ta zame, ya kai hannu ya cafke, ya harbi cinyarsa, sannan aka yanke masa ɗaurin shekara biyu saboda ba shi da lasisin riƙe ta a jihar Niyok. Lokacin mayar da bindiga kube shi ne mafi muni. Mutum ya gama atisaye, hankalinsa ya tafi wani wuri, ya tura ta ƙasa ba tare da ya duba ba, alhali igiyar rigar sanyi ko gefen singileti ya shiga zoben da ya kewaye kunamar. Hannu yana turawa ƙasa, tsumma yana jan kunama sama. Da kunamar kamfani akwai yiwuwar ya ji turjiya ya tsaya. Da wadda aka rage wa tafiya da nauyi, kafin ya ji komai ta riga ta tashi, kuma ga wanda ke ɗaura ta a gaban mara, kamar yadda ake yayi yanzu, bakin bindigar yana kallon babbar jijiyar jinin cinya ne.

Batun kotu ba zan daɗe a kansa ba. Massad Ayoob, wanda ya shafe shekaru yana koyar da harbin kare kai yana kuma ba da shaida a kotuna, ya daɗe yana gargaɗi a kan rage kunama ƙasa da abin da kamfani ya ƙayyade. Dalilinsa mai sauƙi ne: mai cewa ya kare kansa yana cewa da niyya ya yi harbi, kunama mai laushi kuwa tana ba lauyan ɗaya ɓangaren damar cewa kuskure ne da sakaci ya haifar.

Ban ce kada a taɓa komai a jikin bindigar ba. Sauya saiti da wanda ake gani a duhu, ko gyara mariƙi ya dace da tafin hannu, ba su shafi makullan ciki ba. Tsoho mai ciwon gaɓoɓi, ko macen da yatsanta bai kai kunamar yadda ya kamata ba, matsalarsu ta gaske ce, amma maganinta yana kantin sayar da bindiga, inda za su gwada samfura daban-daban har su sami wanda aka ƙera tun asali da kunamar da hannunsu zai iya. Wanda kuwa ya dage sai ya sauya, ya tsaya a kan kayan kamfanin da ya ƙera bindigar, ya kai wa mai gyaran da kamfanin ya horar, a duba makullan ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya harba isassun harsasai irin waɗanda zai riƙa yawo da su kafin bindigar ta koma ƙugunsa.