Hutun shekara haƙƙi ne, amma wa ke samunsa?

Wani labari da na karanta ya ce doka ta ba kowane ma'aikaci hutun shekara da albashinsa cikakke. Gaskiya ne, sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadi aƙalla kwana 6 na aiki ga wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa. To kwana 6 kacal a shekara guda, shi ma ɗin wa ke ganinsa? Shekara huɗu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, duk dogon hutu sai a riƙe mana albashin Agusta, wai ai yara ba su biya ba. Wani ɗan'uwa ya ce mu garzaya Kotun Ma'aikata, to da wace takarda za mu je? Doka ta ce a ba mutum sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, mu da baki aka ɗauke mu. Abin da labarin bai faɗa ba kuma, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yaran shago da ma'aikatan gidan burodi fa, wa zai tsaya musu?