Awon ciki ya kamata ya kai ga zuciyar uwa

Ranar awo, mai ciki za ta zauna a kan benci da katinta a hannu har layi ya zo kanta. A gwada jini, ta hau sikeli, a saurari bugun zuciyar ɗan da ke ciki, a ba ta ƙwayar ƙarin jini. Da wuya wani ya dube ta ya ce, "Kina samun barci kuwa? Me ke damunki?" Wannan giɓin yana ci mini rai, domin jaririn ma yana da rabo a cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa ya kai kashi 15.6. Idan hankali ya tashi, jiki na sakin sinadarin kotisol. Allah ya sa wa mabiyiya wani sinadari mai karya ƙarfinsa kafin ya isa ga ɗan tayi, amma binciken Vivette Glover da abokan aikinta a Landan ya nuna wannan kariyar na raguwa a wajen mata masu yawan fargaba. A Miami ta Amurka kuma, wata mai bincike, Tiffany Field, ta tarar jariran da iyayensu suka yi goyon ciki cikin damuwa sun fi yawan rigima da barci a tsinke.

Mu kuwa, da jariri ya kwana yana tsala kuka sai a ce ciwon ciki ne, a ɗura masa jiƙo. Ba a tuna watannin da uwarsa ta yi tana haɗiye baƙin ciki: babu cefane, ana maganar kishiya, kowa na ce mata "ki yi haƙuri".

Kada a ɗora mata laifi. Mata da yawa sun sha wuya sun haifi jarirai masu sanyin hali, kuma kuka na da dalilai barkatai. Maganata da maigida ce da asibiti. Akwai ma'aunin Edinburgh na gano ciwon damuwa tun 1987, tambayoyi 10 kacal, ungozoma za ta iya yin su cikin 'yan mintuna. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida aka koya wa zama da masu ciki suna tattaunawa, damuwar ta ragu sosai. Muna da irin waɗannan ma'aikatan a unguwanninmu; horon ya rage a ba su.