An bar jaki ana dukan taiki a dajin Baban Rafi

Ina roƙon wanda ya san doka a jihar Maradi ya fito fili ya gaya mana da Hausar da kowa zai gane: manomin da gonarsa ke bakin dajin Baban Rafi, ko maharbin da ya gaji bindigar baushe daga ubansa, an yarda ya rataya ta a kafaɗa ya shiga dajin gwamnati da rana tsaka, ko ba a yarda ba? In an yarda, da wace takarda, a wane ofishi ake yin ta, kuma nawa ake biya? In ba a yarda ba, to wa zai tsaya masa ranar da 'yan bindiga masu kalash, wato AK-47, suka fito masa daga cikin sabara? Mun gaji da tambaya. Kowane mai kaki da irin amsar da yake bayarwa, kuma duk amsar da aka bayar a kan talaka take ƙarewa.

Ƙanin mahaifiyata maharbi ne a wani ƙauye na gundumar Madarunfa, tsoho ne da furfura ta gama rufe masa kai. Bindigarsa ta toka ce, maƙeri ya ƙera ta tun kafin a haife ni. Ƙotarta ta tsage, ya naɗe ta da robar tayar keke, ga layu biyu a ɗaure a jiki. Kafin ta tashi sai ya ɗura albarushi, ya tura tsumma da sanda ya danna, ya zuba 'yan ƙarafa, ya sake dannawa. Harbi ɗaya take yi, in ya kuskure shi ke nan, zabon daji ya tafi. Bayan kaka ya ɗauke ta zai je duba dammunan geron da ya tara a gona, a fili, ba ya ɓoye komai, jikansa na biye da shi da goran ruwa. Wasu masu kaki suka tare shi a hanya.

"Baba, ina takardar wannan bindiga?"

"Ranka ya daɗe, ta gado ce. Mai gari ya san ni da ita, sarkin maharba ya san ni da ita."

"Baba, mai gari ba shi ne doka ba. Kawo ta. Ka ma gode wa Allah ba mu tafi da kai ba."

Suka karɓe, suka jefa a bayan mota. Ba su rubuta sunansa ba, ba su ba shi ko guntun takarda da zai nuna an karɓi kayansa ba. Dattijon da ake kira da tsakar dare in kura ta shiga garken mutane, shi ne ya koma gida yana sunkuyar da kai a gaban jikansa. Wallahi da aka kira ni aka faɗa mini, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na ce to, tunda takarda ake so, bari mu nemi takarda. Nan ne na ga taƙaici. A ofishin farko aka ce takardar farauta daban, izinin riƙe bindiga daban, kuma ba a ba ka ta farko sai kana da ta biyu, don haka in tafi wani wuri. Can aka ce in kawo hotuna, takardar haihuwa, takardar shaidar cewa bai taɓa yin laifi ba, da tambur, sannan a tura Yamai a jira. Na tambayi yaushe amsa ke dawowa, aka ce sai yadda hali ya yi. Wani kuma ya dube ni ya ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka, bindigar maƙera ba ta da lamba, me za mu rubuta?" Wani ya ce ai a bar ta a ɗaki kawai, ba mai shiga ɗakin mutum. A duk inda na shiga ban ga allo ko takarda a manne a bango da ke faɗin sharuɗɗa da kuɗin da ake biya ba. Da na fito wani ya biyo ni har inda na ajiye babur, yana cewa in na kawo 'yan jikkuna za a san yadda za a yi. Ni da nake cikin birni, na yi boko, ina jin Faransanci, haka aka yi ta juya ni. Ina ga tsohon da sai ya sayar da tiyar gero kafin ya samu kuɗin motar zuwa Maradi?

Dokokin nan fa akwai su, ba wanda ya ce babu. Akwai doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Ita ta hana farauta da dare, ta hana cinna wa daji wuta don koro nama, ta hana guba da bin dabba da mota da amfani da makaman yaƙi, kuma ta san da zaman farautar gargajiya, ta ware mata nata izini. Akwai doka mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004 a kan gandun daji, wadda ta amince wa mazauna gefen daji da haƙƙinsu na al'ada, kamar tsintar busasshen itace da ɗiban saiwar magani. Shi kuwa batun mallakar bindiga, tushensa wata dokar gwamnati ce ta 1963, wato ta girmi yawancin waɗanda ke tare mutane a hanya da sunanta. Tun 1994 kuma ƙasar nan ke da hukumar tattara haramtattun makamai. Duk wannan yana nan a rubuce da Faransanci, a cikin durowa. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, muka yi murna. To ina amfanin murnar in dokar da za ta iya kai mutum gidan kaso ba a karanta masa ita da harshensa ba? Gidajen rediyo cike da garin Maradi, kullum ana sanarwar aure da suna da maganin basir, amma ba mu ji ana zama ana warware wa maharba da manoma abin da aka halatta musu da abin da aka hana su.

Kada wani ya ɗauka ina faɗa da kare daji. Na san abin da farautar ganganci ta yi mana. Iyayenmu suna ba da labarin gada da barewa a inda yau ko zomo sai an sha wuya. A Gadabeji da ke gundumar Bermo, wurin da aka keɓe tun 1955, sai a 2018 aka ɗauko raƙuman dawa daga yankin Kure aka mayar, bayan sun ɓace shekaru da dama. Duk wanda aka kama da bindiga a irin wannan wuri, a hukunta shi, ni ne farkon mai goyon baya. Amma Baban Rafi daji ne da mutane ke rayuwa a gefensa da cikinsa. Tun farkon shekarun 1990 aka kafa kasuwannin itace na karkara, aka damƙa wa ƙauyuka kula da shi, kuma itacen da ake dafa tuwo da shi a gidaje da yawa na Maradi daga can yake fitowa. Mutanen da aka amince musu su tsare itatuwan gwamnati, su ne ake yi wa kallon ɓarayi in an gan su da bindigar kakanninsu.

Su kuwa ainihin masu ɗaukar bindiga a fili a dajin nan, kowa ya san su. Suna tsallako iyaka daga dazukan Katsina da Zamfara da Sakkwato, uku-uku a kan babur, kalash a rataye, ba su neman izinin kowa. Tun 2019 dubban mutane suka gudo daga Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu suka shigo jiharmu, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ba a daɗe ba abin da suka gudo wa ya biyo su. Ka tambayi mutanen Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Ɗan Isa da Gidan Sori yadda suke kwana. A shigo gari da dare a kore shanun noma, a ɗauki matar aure ko magidanci, a bugo waya a yanka miliyoyin sefa. Mutum ya sayar da gona da rumbu da amalanke ya fanshi ɗansa, ya dawo ba shi da abin shuka. Mata sun daina nisa wajen itace. Akwai gonakin da suka koma saura don ba mai iya kai yamma a cikinsu. Na san sojoji da jandarmomi da 'yan sanda suna ƙoƙari, wasunsu sun bar rayukansu a wannan iyaka, Allah Ya jiƙansu. Amma dajin ya fi su yawa, kuma kafin mota ta iso ƙauye an riga an tsallaka da mutane. Cikin wannan hali ne ake da lokacin tsayawa a ƙwace bindiga mai harbi ɗaya daga hannun tsoho. Wannan shi ke ƙona mini rai.

Ba ina cewa a buɗe ƙofa kowa ya sayi makami ba. Mun ga abin da ya faru a ƙetaren iyaka. 'Yan sa-kai sun tashi da sunan kare gari, wasunsu suka koma kashe duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa, ramuwa ta biyo ramuwa, wutar ta fi ƙarfin kowa. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi bindiga su kare kansu, kuma har yau ba a daina zubar da jini a can ba. Ba na yi wa Maradi fatan haka, kuma makiyayin da ke kiwo a Baban Rafi ɗan ƙasa ne kamar ni, shi ma shanunsa ake korewa. Ba na kuma sha'awar Amurka da yawan bindigoginta da kashe-kashenta. Abu ɗaya dai na yaba musu: a dazukan gwamnatin tarayyarsu an san cewa dokar jihar da dajin yake ita ke faɗin wanda zai iya rataya bindiga a fili, kuma an rubuta ƙarara cewa ba a harbi a tazarar da ta gaza yadi 150 daga gida ko zangon masu kwana, ba a kuma harbi a ƙetara hanya. Mutum ya san iyakarsa tun kafin ya fita daga gida. Mu a nan sai an tare ka kake jin wai ka taka doka, kuma dokar tana canzawa gwargwadon fuskar wanda ya tare ka.

Abin da muke nema ba mai wuya ba ne. Maharban gargajiya sanannu ne, suna da sarakunansu, masu gari da hakimai sun san gidan kowannensu da ubansa da kakansa. A zo har ƙauye ranar kasuwa a yi musu rajista a gaban mai gari, a buga wa kowace bindigar maƙera lamba a ƙota, a ba mutum kati mai hotonsa, a faɗi kuɗin a rediyo don kada wani ya ƙara ko dala. A gaya masa watannin da aka buɗe farauta, da naman da aka hana, da wuraren da ba a shiga da bindiga ko da kati. Wanda ya saɓa bayan haka ba shi da bakin magana. Ita kanta gwamnati riba za ta ci, don za ta san bindiga nawa ce a kowane gari da hannun da take, kuma waɗannan tsofaffin sun san kowace burtali da kowane kwazazzabo na dajin fiye da duk wata taswira. Wanda ka wulaƙanta a gaban jikansa ba zai zo gobe ya raɗa maka inda ya ga sawun babura ba.

In kuwa hukuma ta yanke cewa saboda halin tsaro ba wanda zai ƙara shiga daji da bindiga, ko ta toka ce, to a fito a faɗa da baki, gwamna ya sa hannu, a yi shela a masallatai da kasuwanni, a sa ranar da za a fara. Duk wanda aka karɓi tasa a rubuta sunansa a ba shi rasit, a ajiye masa kayansa inda zai iya zuwa ya gani. Sannan a kafa sansanin tsaro na dindindin a ƙauyukan bakin daji, ba sintirin da ke wucewa da hantsi ya bar mutane da dare ba, domin wanda ya karɓe wa mutum abin da yake taƙama da shi ya ɗauki nauyin ransa da na iyalinsa, kuma za a tambaye shi a gaban Allah. Damina na tafe, mutane za su koma gonakin bakin daji ko suna so ko ba sa so, don yunwa ba ta jira. Muna son amsa a rubuce, da Hausa, kafin a yi shuka.