3 Body Problem: an bar wa Sinawa ciwon, an kwashe masu ilimin zuwa Oxford

Tun ranar 21 ga Maris 2024 da Netflix ya saki fim mai dogon zango na 3 Body Problem, wanda aka ɗauko daga littattafan wani marubucin ƙasar Sin, har yau musun bai mutu ba, duk inda masu son fina-finan kimiyya suka haɗu sai an tayar da shi, wasu su ce wallahi an kashe littafin an binne, wasu kuma su ce ai gara da aka yi haka don da an bi littafin sak da barci ya kwashe kowa kafin a kai kashi na uku. Ni dai na karanta littattafan, na kalli na Netflix mai kashi 8, na kuma daure na cinye na Sinawa wanda kamfanin Tencent ya fitar a Janairun 2023 mai kashi 30 cur. Abin da na gani shi ne masu ƙorafin suna da gaskiya, sai dai da yawansu ba inda yake ƙaiƙayi suke sosawa ba. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan taɓo abubuwan da ke ciki.

Marubucin, Liu Cixin, injiniyan kwamfuta ne da ya daɗe yana aiki a wata tashar wutar lantarki a lardin Shanxi. Ya fara sakin labarin kashi-kashi a mujalla a 2006, ya fito a littafi a 2008, na uku kuma na ƙarshe ya fito a 2010. Ken Liu ya fassara na farkon zuwa Turanci, a 2015 ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya, wanda kafin nan babu littafin fassara da ya taɓa cin ta. Labarin kansa na wata mata ce, Ye Wenjie, masaniyar taurari, da ta aika saƙo sama daga wani sansanin soja na sirri, bayan shekara takwas amsa ta zo daga wata duniya mai rana uku, kuma mai amsar gargaɗi ya yi mata cewa kada ta sake magana don in ta yi za a gane inda muke a zo a mamaye mu. Ta karanta, ta fahimta sarai, ta amsa. Daga nan rundunarsu ta taso, tafiyar shekara 400 ko fiye.

To ihun da ya fi ƙarfi daga ƙasar Sin ya fito, duk da cewa Netflix ba ya aiki a can, ta bayan fage mutane suka kalla suka cika Weibo, shafinsu na sada zumunta, da faɗa, kuma a kan mintunan farko ne. Filin jami'ar Tsinghua a Beijing, lokacin Juyin Juya Halin Al'adu na Mao, an fito da wani farfesan fiziks kan dandamali da doguwar hular takarda a kansa, dubban ɗalibai suna ihu, laifinsa ya koyar da nazarin Einstein. An kira matarsa ta tsaya gaban jama'a ta ƙaryata shi. Sannan 'yan mata ƙanana na Jajayen Dakaru, wato matasan da ke bin Mao, suka cire bel suka yi ta zabga masa har ya daina motsi, 'yarsa tana cikin taron an rirriƙe ta tana kallo. Masu zafin kishin ƙasa suka ce Amurka ce ta shirya wannan don ta kunyata Sin a idon duniya.

A nan kam ban bi su ba sam. Wannan wajen yana cikin littafin, kuma da shi Liu ya buɗe labarin tun a mujalla, da aka zo buga littafi ne aka tura shi can tsakiya saboda gudun fushin hukuma, Ken Liu kuma ya dawo da shi farko da yardar mai littafin. In ka cire wannan dukan ka cire dalilin Ye Wenjie gaba ɗaya. Mutum ba ya wayar gari haka kawai ya ce a zo a shafe 'yan Adam, sai an kashe wani abu a cikinsa tukuna. Na Tencent ya taɓa maganar sama-sama, bai nuna ta haka tsirara ba, kuma na ga illar hakan a gidanmu, ƙanena da ya fara da na Tencent yana zuwa inda ta danna maɓallin ya juyo ya ce min, Yaya, wai me aka yi wa matar nan ne haka da zafi? Wanda ya ga bel ɗin nan yana sauka ba zai yi wannan tambayar ba.

Inda ƙorafin yake da nauyi shi ne abin da ya biyo baya. A littafi, masanin da yake ganin lambobi suna ƙirga kansu a idonsa Basine ne, Wang Miao, ɗan sandan nan mai shan sigari marar ladabi Shi Qiang Basine ne, Luo Ji da Cheng Xin da Yun Tianming da ke cikin littafi na biyu da na uku duk Sinawa ne, a Beijing ake zaman gaggawa, janar ɗin Sin ne ke jan taron. David Benioff da D.B. Weiss, mutanen Game of Thrones, tare da Alexander Woo, sai suka narkar da waɗannan mutanen suka zuba su a abokai biyar da suka yi karatu tare a Oxford, suka mayar da komai Ingila. Yanzu duba abin da ya rage a Sin ɗin. Dukan farfesa, sansanin gwale-gwale, cin amana, da matar da ta sayar da duniya. Abin da aka kwashe kuma shi ne ɗakunan bincike da masu lissafi da masu neman ceto. Wannan rabon ne ya ƙona wa Sinawa da yawa rai, har waɗanda ba ruwansu da farfagandar gwamnati, kuma ni na fahimce su sosai don mu ma mun san wannan rabon, sau nawa muka kalli fim a kan Afirka inda yunwar tamu ce, bindigar tamu ce, amma likitan da zai zo da magani daga jirgi yake saukowa?

Masu kare Netflix za su ce ai ba farare aka zuba ba, cikin abokan biyar Jin Cheng asalinta Basiniya ce, Saul baƙar fata ne, Auggie daga Latin Amurka take, Benedict Wong mai asalin Sin ne ya fito a ɗan sandan, kuma masu shirin sun ce haƙƙin yin sa da Turanci suka saya kuma marubucin ya sa albarka. Duk na ji. Amma launin fata daban-daban ne a jami'a ɗaya, gari ɗaya, harshe ɗaya, mashaya ɗaya. Matsalar da ta shafi mutum biliyan takwas sai ga shi duk wani babban abu a hannun abokai biyar yake faɗowa, wannan ita ta ƙirƙiro wani zare mai kaifi da ake buƙata, waccan ita ta kawo dabarar harba kumbo sama, wancan shi Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓa, ɗayan kuma ƙwaƙwalwarsa aka tura. Duniyar ta tsuke ta koma kamar tsakar gida guda, alhali girman abin shi ne yake sa tsigar jiki tashi a littafin.

Sai kuma gudu. Akwai wani waje a cikin wasan kwamfutar da ke labarin wanda ni a wajena ya fi komai daɗi, inda ake so a yi lissafin tafiyar rana uku ba tare da na'ura ba, sai aka ce a yi kwamfuta da mutane. Aka fara da soja uku kacal a gaban sarkin Sin Qin Shi Huang, kowa da tuta fara da baƙa. Biyu suna gaba, ɗaya yana kallonsu, aka ce masa in ka ga dukansu sun ɗaga baƙa kai ma ɗaga baƙa, in ba haka ba ɗaga fara. Shi kenan fa, wannan ita ce ƙofar lissafi da ke cikin wayar da kake karanta rubutun nan da ita, sai dai ita biliyoyi ne a ciki. Daga uku aka tafi soja miliyan 30 a fili, tutoci suna kaɗawa kamar iska a gonar dawa, masu dawakai suna kai saƙo tsakanin rukuni da rukuni. Tencent ya zauna ya bi wannan daki-daki har sai ka gane. Ƙanen nan nawa malamin sakandare ne, washegari ya fito da ɗalibai uku gaban allo ya ba su farar takarda da baƙar leda ya maimaita musu, ya ce yaran da ya yi wata guda yana fama da su a kan wannan darasin a ranar suka kama. Netflix a 'yan mintuna ya wuce wajen, ya ma canza sarkin zuwa Kublai Khan, ka ga taron soja ka ce kai, amma ba ka tashi da komai a kanka ba. An ruwaito cewa kusan dala miliyan 160 aka kashe a zangon farko, da an ƙara kashi biyu kawai da ilimin ya samu wajen numfashi.

Ba wai na Tencent ba shi da nasa ba. Yana da jan ƙafa ƙwarai, littafi ɗaya tal a kashi 30, a maimaita maka abu sau uku, kuma mai sayen data da kuɗinsa zai ji a jikinsa. Sannan 'yan a-bi-littafi-sak su ma su yarda cewa Liu gwanin tunani ne amma mutanensa sau da yawa kamar allon rubutu suke, ana rataya musu ra'ayi ne kawai. A nan Netflix ya yi abin kirki. Will, ɗaya daga cikin abokan, wanda cutar daji ke cinsa, da ya samu dukiya ya saya wa Jin tauraro guda a sama bai ko sa sunansa ba, labarin yana littafi na uku amma da aka jawo shi gaba aka bar mu muka zauna da su a bakin teku sai ya fi shiga rai. Haka wajen mashigin Panama, inda aka ɗaura zaren da ido ba ya gani jirgin ruwan masu goyon bayan mamayar ya ratsa ya yanku salla-salla, Netflix ya sa iyalai da ƙananan yara a cikin jirgin, wasu masu kallo suka ce an yi yawa, ni kuwa ina ganin daidai ne, in za ka ce mutanen kirki sun yi wannan aikin don ceton duniya to a nuna mana wa aka yanka. Canji ba laifi ba ne a kansa, mu ma nan in an mayar da littafin Hausa fim ai haka ake ta cewa ba haka jarumar take a littafi ba, alhali shafi da kyamara ba abu ɗaya suke iyawa ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ina wanke marubucin ne. A 2019 a wata hira da mujallar New Yorker ya kare abin da gwamnatin Sin ke yi wa Musulmin Uighur a Xinjiang, har sanatocin Amurka biyar suka rubuta wa Netflix a 2020 suna neman ya sake tunani, Netflix ya ce bai yarda da maganarsa ba amma aikin zai ci gaba. Wannan maganar tana min ciwo har yanzu duk lokacin da na ɗauki littafin, mutumin da ya iya rubuta abin da zalunci ya yi wa Ye Wenjie ya kasa ganin sa a ƙasarsa yau.

Wajen da na fi jin rashin shi ne ƙarshe. Bayan halittun can sun aiko wa mutane saƙon raini cewa ku ƙwari ne, masana biyu suka karaya suka zauna suna ta shan giya, sai Shi Qiang ya zuba su a mota ya kai su garinsu a lardin Hebei, ya tsaya bakin gonar alkama da fara ta rufe, ya nuna musu cewa tun da aka fara noma ake yaƙar wannan ƙwaron da guba da wuta da jirgin feshi kuma ga shi nan bai ƙare ba. Netflix ya yi wajen shi ma, amma a wata fadama a Amurka, da wasu ƙwari masu kuka waɗanda ba su ci abincin kowa ba. Wanda ya tashi a birnin Landan zai ce ai duk ƙwaro ne. Ni kuwa ina yaro na ga shekarar da fara ta sauka a gonar kakana gero ya fara fitar da kai, muna ta buga gwangwani muna ƙona ciyawa hayaƙi ya cika mana ido, tsohon yana tsaye da hula a hannu bai ce uffan ba, kafin la'asar kara ne kawai a tsaye. Ɗan sandan da ya fito daga ƙauyen manoma shi ne zai san ya kai masana gona, kuma manomi ne zai ji nauyin a ce masa kai ne farar yanzu. Netflix ya tabbatar da cewa akwai zango na biyu da na uku, zan kalla in Allah ya kai mu, kuma abin da zan fara dubawa shi ne ko za a ga wani ɗakin bincike a Beijing ko Delhi ko Legas da mutanensa ke aiki da kansu ba sai an bugo musu waya daga Landan ba.