Filasmar ta 4K ce, amma hoton shirye-shiryenmu na Hausa har yanzu dishi-dishi

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Makka ko Jidda yanzu, in dai akwai ɗan rufin asiri, ba ka tarar da filasma manne a bango ba. Inci 50, inci 55, wasu har 65. An rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta, mai shago kuma ya rantse cewa babu sama da ita. To a ɗauki rimot a gwada. A fara da tashar Alƙur'ani mai haska Harami dare da rana: ga zaren zinaren rubutun rigar Ka'aba, ga zanen jikin marmarar filin ɗawafi, ga masu shara can gefe suna ta aikinsu, komai tar. Daga nan a juya zuwa wa'azi ko labarai ko wasan kwaikwayo na Hausa, ta dish aka kamo ko ta intanet. Sau da yawa fuskar mai magana sai ta dusashe kamar an shafe ta da man gyaɗa, rubutun da ke gudu a ƙasan allo ba ya karantuwa sai an matso, in kuwa malam ya ɗaga hannu da sauri, hannun ya tarwatse ya koma 'yan murabba'ai. Talabijin ɗaya ce, ɗakin ma ɗaya.

Ni dai a ganina lokaci ya wuce da masu shirya mana shirye-shirye za su riƙa kallon HD, wato hoto mai tsabta sosai, a matsayin ƙawa ko ƙarya ta masu kuɗi. Mu masu kallo kuma ya kamata mu daina zaton tsabtar hoto abu ne da ake saye a kwali.

Hoton talabijin tarin ƙananan ɗigo ne na haske. Tsohon tsarin da muka taso da shi, wanda ake kira SD, yana da ɗigo 720 a kwance da layi 576 a tsaye, wato ɗigo dubu 400 da 'yan kai. Cikakken HD yana da 1920 sau 1080, ɗigo miliyan 2 da ɗoriya, ninki biyar ke nan. 4K kuwa 3840 sau 2160 ne, sama da miliyan 8. Idan aka turo wa filasmar 4K hoton SD, kowane ɗigo ɗaya da ya iso sai ta miƙar da shi ya cike gurbin ɗigo ashirin. Ba ta da inda za ta samo abin da kyamara ba ta ɗauko ba, sai dai ta yi kirdado. Shi ya sa shirin da yake fita garau a tsohuwar talabijin mai ƙeya ta inci 21 yake munana a sabuwar bango. Girman allon ne ke tona asirin hoton.

Kuma hanyar da hoto ke bi kafin ya iso falo tana da tsawo. Akwai kyamara da hasken ɗakin ɗauka, akwai kwamfutar da aka tace aikin a kanta, akwai matse hoton da ake yi don ya shiga gurbin da tasha ta yi haya a tauraron ɗan adam, sannan risiba, sannan wayar da ta haɗa risibar da talabijin. Ko'ina aka samu tangarɗa, hoton ya tashi daga aiki. Ta ƙarshen nan ita ta fi ba ni dariya da takaici. Mutum ya zuba riyal dubu biyu ko uku a filasma, ya dawo gida ya jona ta da tsohuwar risibarsa ta hanyar wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Rawayan nan ba ya ɗaukar komai sama da SD, ko me tashar ta turo. Na taɓa zama a falon wani dattijo a wajen Shara Mansur a Makka yana ta faɗa wai an sayar masa da jabu, har ya fara neman rasit. Ɗan ƙaninsa ya leƙa bayan talabijin ɗin ya ce, "Kawu, ai ba laifinta ba ne, wayar HDMI za a sa." Aka aiki yaro ya sayo. Ko da aka jona aka koma Harami, dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a ƙaro shayi.

Wannan gyaran mai sauƙi ne. Mai wuyar yana can wajen masu watsawa, kuma nan ne ake yi mana wayo. Tasha na iya manna tambarin HD a kusurwar allo alhali abin da take turowa tsohon hoto ne da aka kumbura. Tana kuma iya turo 1080 na gaskiya amma ta matse shi fiye da kima, saboda hayar gurbi a tauraro da yawan bayanan da kake turawa a daƙiƙa ake lissafa ta. Idan mai gabatarwa yana zaune cak ba za a gane ba. Ƙwallon ƙafa ce ke fallasa irin wannan, domin ciyawar fili da cincirindon 'yan kallo da gudun kyamara duk suna cin bayanai. Wanda ya kalli wasan gasar cin kofin duniya da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 a Lusail ta ƙasar Qatar ranar 22 ga Nuwamban 2022 a tasha mai cikakken hoto, da wanda ya kalle shi ta wata kafar sata a waya, ba wasa ɗaya suka gani ba. Na biyun ihun maƙwabta ne ya fara sanar da shi ƙwallon Salim al-Dausari kafin hoton ya iso.

Abin da ke ci min rai shi ne ba a baya muka faro ba. An buɗe talabijin a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, alhali talabijin ɗin gwamnatin Saudiyya sai a 1965 ta fara aiki a Riyad da Jidda. A 1976 ƙasashen Larabawa suka kafa Arabsat, hukumar taurarin ɗan adam mai hedikwata a Riyad, kuma yau taurarinta na Badr da na Nilesat ta Masar su ne kusan duk dish ɗin da ke rufin gidajen nan ke fuskanta. A can gida kuwa, yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin analog. Najeriya ba ta cika wa'adin ba, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos, daga baya Abuja. Kuma komawa dijital ba shi ne komawa HD ba, ƙofa ce kawai da ake bi kafin a kai can.

Za a ce da ni, to me ye a ciki? Ai saƙo ake so, ba kwalliya ba. Malami nagari ko a rediyo malami ne. Akwai gaskiya a nan, har ma zan ƙara da cewa sauti mara kyau ya fi hoto mara kyau korar mai kallo. Amma masu wannan magana yawanci 'yan shekara hamsin ne zuwa sama, waɗanda suka saba tun zamanin eriyar da ake ɗaurawa a gora ana juyawa. Ku dubi yaran da aka haifa a nan. Hausarsu ta gida ce, ta tsakaninsu da iyaye; Larabci suke yi a waje, da shi suke wasa, da shi suke faɗa. Idonsu ya buɗe ne a kan zanen yara na tashoshin Larabawa da wasannin Al-Hilal da Al-Ittihad da Al-Nassr, duk cikin hoto tangaran. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Yarinya 'yar shekara goma ba za ta iya yi maka bayanin 576 da 1080 ba, amma daƙiƙa biyar sun ishe ta ta yanke hukunci cewa wannan shirin na tsofaffi ne, ta ɗauki waya ta shige ɗaki. A ƙasar da Hausa ba ta makaranta, ba ta allon kanti, ba ta ofis, talabijin ɗin falo na cikin 'yan wuraren da yaro zai ji ta daga bakin wani da ba mahaifinsa ba. Idan muka rasa shi a nan saboda hoto, asarar ta wuce ta hoto.

Akwai kuma batun gobe. Finafinan Kannywood na farko a kaset ɗin bidiyo suka fito, daga baya suka koma faifan VCD, wanda hotonsa 352 sau 288 ne kacal, kashi ɗaya cikin ashirin na cikakken HD. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu a YouTube ya haska a babbar filasma ya san abin da nake nufi: muryoyin na nan, fuskokin sun narke. Haka karatuttukan manyan malamai da dama da suka riga mu gidan gaskiya. Su suna da uzuri, abin da zamaninsu ya ba su ke nan. Wanda ke ɗaukar tafsirin azumin bana da ƙaramin hoto, alhali wayar da ke aljihunsa tana iya ɗaukar 1080, shi kam ban ga uzurinsa ba.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta talaka. Mafi yawan masu kallon tashoshin Hausa ba a Jidda suke ba. Suna Funtuwa da Maraɗi da Damagaram, da ƙaramar talabijin da ɗan faifan sola, ko kuma waya da datar da ake lallaɓawa. Awa ɗaya ta HD na iya lashe gigabait 2 zuwa 3. Tsofaffin risibobi masu tsarin matse hoto na MPEG-2 kuma ba sa buɗe tashar da ta koma sabon tsarin matsewa na MPEG-4 da na watsawa na DVB-S2, sai dai a ga baƙin allo, wani lokaci da sauti kawai. 'Yan uwanmu na Sudan, na Maiwurno da Gadarif da Kasala, da yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasarsu tun Afrilun 2023, ba sabuwar risiba ce damuwarsu ba. Tashar da ta tashi dare ɗaya ta kashe tsohon siginarta ta zalunci waɗannan mutanen, kuma ba abin da nake kira gare shi ba ke nan.

Sai dai wannan hujja tana aiki ne a kan yadda ake watsawa, ba ta hana a ɗauka da kyau ba. Daga babban hoto ana iya fitar da ƙarami ga mai ƙaramar data, YouTube ma da kanta take yin haka, mai 360 ya zaɓi nasa, mai 1080 ya zaɓi nasa. Daga ƙarami ne ba a iya komawa babba. Saboda haka a ɗauki komai a 1080, a tace shi a haka, a ɗora shi a haka, a kuma adana asalinsa a ma'ajiya biyu. A daina ɗora bidiyon da ya bi ta hannu biyar a WhatsApp, domin matsewar da ake yi masa a hanya ba ta barin komai. A tauraro kuwa, sabon tsarin matsewa yana cin kusan rabin gurbin da tsohon ke ci a hoto iri ɗaya, don haka tsadar ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Tashar da ke da hali ta riƙe layi biyu na wani lokaci, ta sanar da mutane tun da wuri, kamar yadda manyan tashoshin Larabawa da yawa suka yi shekaru suna tafiya da SD da HD tare.

A kuma shirya wa abin da HD zai tona. Labulen bayan mai labarai da ya yamutse, gumin goshi, hodar da ta fi wuya haske, wayar makirufo da ta leƙo ta ƙarƙashin babbar riga, duk za su fito. Fitilu uku da aka jera daidai sun fi kyamara mai tsada a ɗaki mai duhu amfani, kuma kuɗinsu bai kai nata ba.

4K kam ba na ganin gaggawarsa gare mu. A allon inci 55, wanda ya zauna nisan mita uku da wuya idonsa ya bambance shi da 1080, kuma tashoshin da ke watsa shi kai tsaye 'yan kaɗan ne ko a nan. Wataƙila gasar cin kofin duniya ta 2034 da Saudiyya za ta karɓi baƙunci ta canja lissafin. Kafin nan, alhajin da ke shirin yin kargon filasma zuwa gida a matsayin tsaraba, gara ya rage inci goma daga girmanta, ya haɗa da risibar HD da wayar HDMI a cikin kwalin.