Da Takardar Doka Ake Rufe Bakin 'Yan Jarida Yanzu

Idan aka ce gwamnati ta matsa wa 'yan jarida, kisa ne ke fara zuwa a zuciyar mutane. Ana tuna Jamal Khashoggi da aka hallaka a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Santambul a watan Oktoban 2018, ko Norbert Zongo na Burkina Faso da aka tsinci gawarsa a ƙone cikin mota a 1998. Kisan bai tsaya ba. Ƙungiyar CPJ mai kare 'yan jarida ta ƙirga aƙalla 124 da aka kashe a 2024, mafi yawansu a Gaza a hannun sojojin Isra'ila. Amma akwai wata hanyar da ta fi yaɗuwa, ta kuma fi wuyar yaƙa, domin ba ta barin jini a ƙasa. Hanyar ita ce doka, da haraji, da lasisi.

A dubi yadda jaridar Apple Daily ta mutu a Hong Kong. Ba wanda ya cinna wa ofishinta wuta. An kafa dokar tsaron ƙasa a 2020, aka kama mai jaridar, Jimmy Lai, sannan a watan Yunin 2021 aka kama manyan editocinta, aka rufe asusun ajiyarta na banki. Jaridar da ba ta iya biyan albashi ko sayen takarda ai ta gama yawo. Bugunta na ƙarshe ya fito ranar 24 ga Yuni, kwafi miliyan ɗaya, mutane suna layi tun da asuba. A rubuce, babu wanda ya haramta ta. Ita ce ta rufe kanta, kuma abin da masu mulki ke so a faɗa ke nan.

A Rasha, kwanaki kaɗan bayan an afka wa Yukiren a 2022, majalisa ta yi dokar ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga duk wanda ya yaɗa "labarin ƙarya" game da soji. Wa ke tantance ƙaryar? Gwamnatin da ke yaƙin. Jaridar Novaya Gazeta ta dakatar da bugu a watan Maris, alhali ba a yi rabin shekara ba da editanta Dmitry Muratov ya karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel. A Indiya kuwa jami'an haraji aka tura ofisoshin BBC na Delhi da Mumbai a Fabrairun 2023, makonni bayan tashar ta nuna shiri kan Firaminista Narendra Modi da rikicin Gujarat na 2002. Isra'ila ta rufe ofishin Al Jazeera a Mayun 2024 da sunan tsaro. Hatta Amurka, mai yi wa duniya wa'azin 'yanci, ta hana wakilan kamfanin dillancin labarai na AP shiga wasu tarukan Fadar White House a 2025, don kawai sun ƙi sauya sunan Tekun Meziko kamar yadda Shugaba Trump ya umarta.

Ban ce gwamnatoci ba su da hanzari ko kaɗan ba. Gaskiya ne labarin ƙarya yana kisa, kuma duk wanda ya san rawar da gidan rediyon RTLM ya taka a kisan kiyashin Ruwanda na 1994 ba zai ce a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama a iska ba. 'Yan jarida ma ba mala'iku ba ne. Akwai masu karɓar na goro su yi shiru, akwai masu karɓa su yi ɓatanci. Sai dai maganin wannan sananne ne: doka mai bayyana laifi dalla-dalla, da kotu mai zaman kanta, da damar mayar da martani. Abin da muke gani daban ne. Wanda aka fallasa shi ne mai ƙara, shi ne ɗan sanda, shi ne kuma alƙali.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu da rediyo ya zama abokin karin kumallo. A Nijar, bayan juyin mulkin 2023 an dakatar da RFI da France 24, mutane da yawa suka yi tafi saboda haushin Faransa, haushin da ke da dalilinsa a tarihi. Ba a daɗe ba aka kama 'yar jarida Samira Sabou, 'yar ƙasa, aka dakatar da ƙungiyar 'yan jarida ta Maison de la Presse a farkon 2024, sannan a Disambar shekarar aka dakatar da BBC na wata uku kan rahoton harin da aka kai wa sojoji. Wanda ya yi asara shi ne manomin Maraɗi da ɗan kasuwar Damagaram da ke son jin abin da ya sami 'ya'yansu a bakin daga. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ikon da ka yarda a yi amfani da shi kan tashar da ka tsana ba ya komawa kube bayan an gama da ita.

Najeriya ta san wannan hanya tun Dokar Soja ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita. Mulkin farar hula bai yar da ɗabi'ar ba, kaya kawai ya sauya mata. An rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021. A 2022 hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shiri kan 'yan bindigar Zamfara, kamar dai nuna bala'in ya fi bala'in laifi. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa ya zama sandar da gwamnoni da manyan jami'ai ke ɗauka duk lokacin da wani rubutu ya sosa musu rai. An yi masa gyara a 2024, amma cikin watannin da suka biyo baya 'yan sanda sun tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu sama da mako guda.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, inda aka jajirce aka je kotu, an ga sakamako. Kotun ECOWAS ta ce rufe Twitter ya saɓa doka. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tarar gidajen watsa labarai. Waɗannan hukunce-hukunce sun samu ne saboda ƙungiyoyi sun shigar da ƙara, sun bi ta har ƙarshe. Saura Majalisar Tarayya ta cire ɓatanci daga jerin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu, kamar yadda Ghana ta yi tun 2001, wanda ya ji an ɓata masa suna ya je kotu ya nemi diyya da kansa, ba ya aika motar 'yan sanda ba.