Ba shokabzoba ce ke sa babbar a-kori-kura tauri ba

Masu manyan a-kori-kura irin Ford F-250 da Ram 2500 da yawa sun ɗauka cewa idan mota tana bugun mutum a gargada, sai a canja shokabzoba. Ba laifinsu ba ne, don idan ta mutu mota kan riƙa tsalle. Amma aikinta kwantar da lilo ne kawai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, kuma an yi shi don kaya masu yawa, shi ya sa ba ya lanƙwasawa sosai idan bayan motar fanko ne.

Don rage bugun, fara duba iskar taya. Yawancin tayoyin waɗannan motoci na ɗaukar har 80 psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya), amma wannan na cikakken lodi ne. Idan ba kaya, a rage bisa jadawalin kamfanin tayar, a auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma a mayar kafin a yi lodi. Idan aka rage fiye da kima, taya na zafi har ta fashe.

Gwada ɗaure buhun siminti uku, kilo 150, daidai saman tayoyin baya. Nan take za ka ji bugun ya ragu. Idan sifirin motarka irin mai ganye ne, wato faifan ƙarfe da aka jera, kada bakanike ya zare maka ganyen, domin ranar da ka yi lodi bayan motar zai zauna.